Yadda Aka Ɗebe Gonar Nomau

Ku samarin yanzu, in aka ce muku mutum ya ƙare rayuwarsa a sana'ar taki, sai ku dubi juna ku yi murmushi. A ganinku me ke ciki, ban da ka kwashi kashin dabba a nan ka zubar a can? Ko jaki zai iya, da yana da hannu. To, ku yi dariyarku. Ni dai da sana'ar nan na yi aure, da ita na aurar, kuma har yau in na bi ta gefen gona ina iya gaya muku abin da ta ci bara da abin da aka hana ta. Ku kuwa buhu kuka sani. Ku farke bakinsa, ku watsa farin nan kamar masu ba kaji tsaba, bana gero ya yi shar ku yi ta murna, baɗi ku ƙara mudu, baɗin baɗaɗa ku ƙara biyu, sannan ku zo kuna cewa ƙasa ta lalace. Ban ce takin zamani ba shi da amfani ba, na ga aikinsa da idona. Amma shi shuka yake ciyarwa, gonar kuwa da yunwarta take kwana.

Ɗan ƙanena da ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya zama malamin gona ya taɓa zama da ni, ya ce a cikin ƙasa akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune a jikin saiwa, su ke dafa wa shuka abincinta. Ya ce in aka bar ƙasa ba kara ba kashi, sai na buhu kaɗai, raguwa suke yi. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, don ta nuna mini waɗanda na yi shekaru ina yi wa hidima ban san fuskarsu ba. Wanda ya koya mini aiki ma bai san da su ba. Shi cewa yake yi gona tana da rai, kuma wannan rai ana iya ɗibarsa a ƙwarya. Labarin gonarsa zan ba ku, don a kan idona aka ɗebe ta har ta ƙare.

Sunansa Nomau. Garinmu yana gindin tudun duwatsu, kusa da Karofane, kuma kakanninsa azna ne, su suka sari wurin tun ba a fara kiran salla a nan ba. Shi dai da carbinsa na san shi. Ubana ya kai ni wurinsa gemu ya fara tsiro mini, don na gagari kowa a gandu, ya ce ko jakai za su koya mini abin da shi ya kasa. Sunana Hankurau, Nomau kuwa bai taɓa gajiya da cewa wanda ya raɗa mini sunan nan addu'a ya yi, ba a dai karɓa ba tukuna. Kayan aikinmu ba su da yawa: jakai da akumarinsu, mangala, kwando, kalme na kwasa, sai dagi na fasa tsohon turke inda kashi da fitsari suka daskare kamar daɓe.

Aikin farko da ya sa ni shi ne kwashe turken awakin wata tsohuwa mai suna Tsahara. Na zage na cika mangala kafin ya gama gaisawa da ita, na tsaya ina jiran yabo. Ya zo ya dubi tsibin da ya rage, ya ce in tura hannuna ciki. Na tura, na zaro da sauri, don zafi ne kamar cikin tuwon da aka kwashe yanzu.

"Ka jiya?" in ji shi. "Wanga bai nuna ba. In ka kai shi gona hakanga, wuta ka kai ma mai gona. Sauke."

Na sauke ina gunaguni. Muka haƙa rami a inuwa, muka zuba, muka haɗa da ƙaiƙayi da shara da toka, muka yayyafa ruwan wanke-wanke, muka rufe da tsohuwar zana. Da muka buɗe bayan watanni, warin ya tafi, takin ya koma baƙi mai laushi, da wani farin zare-zare a jikinsa kamar saƙar gizo. Nomau ya ɗebo ya kai mini hanci, na ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko. Ya ce duk takin da ba ka iya kai wa hanci, kada ka kai wa saiwa.

Daga nan na fara sanin ba duk kashi ne ɗaya ba. Na shanu mai sanyi ne, ba ya gaggawa, ba ya ɓarna. Na awaki da tumaki yana daɗewa, ka zuba bana gona ta tuna da kai shekaru. Na jaki da na doki ciyawa suke kawowa, don duk irin da suka ci da ransa yake fita, shi ya sa in marowaci ya ce a kwashe masa na jakinsa don ya fi kusa, sai Nomau ya tambaye shi ko ya riga ya yi wa hauyarsa sabuwar ƙota. Na kaji da na tattabaru da na jemage kuwa barkono ne, da yatsa ake sa su. Mudu ba mu da shi a aikin nan. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Masu gona su ma iri-iri ne. Akwai wanda zai ce a jibge masa duka a bakin hanya, inda masu wucewa za su ga geron ya yi tsawo, cikin gonar kuwa ƙuduji ya cinye. Akwai matan da ke kiranmu a asirce mu kai takin awakinsu gayaunarsu kafin mai gida ya farga ya ce na gandu ne. Ladanmu sai kaka, a damman hatsi ake ba mu, don haka in gona ta ƙi mu ma ta ƙi mu. Aikin da na fi so shi ne in an gama girbi Fulani suka sauko. Nomau ne ke shiga tsakani, ya ce wa wannan garken ya sauka gonar wane, wancan gonar wane, mai gona ya ba su hatsi, su ba shi kwanan shanu. Ni nawa shi ne in riƙa matsar da makwancin, kada gefe ɗaya ya ƙoshi ɗaya ya kwana haka. Da safe ka ji kukan maruƙa, hayaƙi yana tashi daga gonaki, matan Fulani suna shigowa gari da nono. Ina kewar wannan lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Yanzu makiyayi ya doso gona sanda ake ɗauka.

Gonar Nomau tana kan gangare, a jikin tudun. Ba babba ba ce, kuma ƙasarta ba ta da zurfi, in ka soka dagi bai kai kamu ba sai ka ji dutse ya amsa. Abin da ya riƙe ta shi ne gandari, wato jerin duwatsun da kakanninsa suka gitta layi-layi, don in ruwa ya gangaro ya tsaya ya ajiye abin da ya ɗauko. Akwai itatuwan gawo a ciki, suna zubar da ganye da damina, da rani dabbobi su taru a inuwarsu su bar nasu. Bai taɓa barinta tsirara ba. Kara yana nan kwance har gara ta ja shi ƙasa, wake kuma kullum yana tsakanin gero. In ka taka ta da damina ƙafarka nitsewa take yi, ƙasar baƙa, sai ka ce ba a ƙasarmu ta Adar take ba.

A wannan gonar ya nuna mini saiwar wake. Ya tuge guda ɗaya a hankali, ya kakkaɓe, ga wasu 'yan ƙululai jere a jikinta kamar ƙwayar dawa. Na ce ciwo ne. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa ja kamar goro. Ya ce in ka ga haka gona tana da rai, kuma geron da za a shuka a wurin baɗi ya riga ya sami abinci. In kuwa saiwa ta fito sumul, ko ƙululun ya fito fari a ciki, to waken baƙo ne a gonar, bai sami 'yan gida ba.

Saboda haka ne ake da al'adar ɗibar ƙasa. Duk wanda ya sari sabuwar gona, ko tasa ta gaji, sai ya zo wurin Nomau da ƙwarya bayan ruwan shuka ya sauka, ya ce a sam masa ƙasa. Nomau ya ɗebo masa mai danshi daga inda wake ya kwana bara, ya rufe da ganye kada rana ta taɓa, mutum ya je ya cuɗa da irin wakensa ya shuka a ranar. Kamar yadda mace ke zuba tsohon nono a sabuwar madara ne, kaɗan ya isa. Kakanninsa da yankan jan zakara suke yi, shi kuwa bisimilla kawai yake yi ya miƙa. Ba a saye, ba a sata, kuma ba a hanawa. A garinmu ana cewa abu biyu ne maƙwabci ba ya hana maƙwabci, wuta da ƙasa.

Sai shekarar fara ta zo, farar ta cinye shuka, ruwa kuma ya ƙi. Ba zan tsaya ba ku labarin yunwar ba, kun ji shi a bakin wasu, kuma ni ba na son maimaita shi. Abin da ya shafi sana'ata shi ne abin da aka yi wa gonaki. Aka tuge kara har da tushensa, na wuta da na dabba. Aka sassare gawo aka ba awakin da suka rage, daga baya aka yanka awakin. Fulani suka yi kudu da abin da ya tsira, suka daɗe ba su dawo ba. Turke ya bushe a kowane gida, ni da jakai muka zauna ba abin ɗauka. Gonaki suka kwana tsirara rani bayan rani, iska ta kwashe na sama, abin da ya rage ya daskare ya zama fako, ruwa ya zuba a kai ya wuce kamar a bayan ƙwarya. Nomau kaɗai ya hana a taɓa karansa da gawonsa. Ya sha zagi a kan haka, ya kuma sha yunwa kamar kowa, matarsa ma a shekarar ta rasu. Amma da ruwa ya dawo, gonarsa ce kaɗai ta amsa.

Akwai wani mutum mai suna Arzika, mai iyali da yawa, gonarsa tana bakin hanyar Madawa. Ta zama fako tas, har ya fara maganar kwashe 'ya'yansa ya bi waɗanda suka yi kudu. Kafin ya tafi ya ce zai gwada ta ƙarshe. Ya hau tudu shi da 'ya'yansa, suka shiga kogon jemagu, suka kwaso kashinsu buhu-buhu, ya zuba cikin tafin hannu a kowane rami, ya sa iri a kai. Geron ya fito da ƙarfi, kowa yana zuwa kallo. Sai ruwa ya ɗan ɗauke. Cikin 'yan kwanaki shukar ta yi ja daga baki, ta nannaɗe, ta ƙone kamar an bi ta da bakin wuta. Ya zo ya sami Nomau a zaure ya zauna.

"Baba Nomau, na ba ta abinci, ta ƙi ci."

"Arzika, wanda yad daɗe kwance, da kunu aka tada shi, ba da barkono ba. Gonakka ba ƙoshi taka so ba yanzu, jinya taka so. Kak ka tahi bana. Ba ni rani guda da hannun ɗiyanka."

Wannan aikin ni na yi shi da su, kuma ban taɓa yin mai wuyarsa ba. Muka bi fakon da dagi muna fasa ramuka, hannu ya yi kanta ya fashe ya sake yi. Muka tono tsohon juji na bayan gari, wanda ya shekara da shekaru yana ruɓewa, muka tankaɗe duwatsu da tsingaro, muka sa kaɗan-kaɗan a kowane rami. Muka bi daji muna tsintar ƙirare da busasshiyar ciyawa muna rufe bakin ramukan, don gara ta zo ta huda ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya. Da ruwan shuka ya sauka, Arzika ya zo da ƙwaryarsa, Nomau ya ɗebo masa. Shekarar farko wake ne kawai da ɗan gero, bai cika rumbu ba, amma ya hana shi tafiya. Shekara ta biyu gero ya rufe mutum a tsaye.

To, nan ne masifar ta fara. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma mutanen garinmu zomon suka gani. Ba wanda ya tuna dagi da juji da ƙiraren da muka yi rani muna tsinta. Ƙwaryar kawai suka tuna. Suka ce in ƙwarya guda ta tada gonar Arzika, ina ga mangala? Ba su ma jira ruwa ba. Tun cikin bazara, rana tana dukan ƙasa, aka fara sallama a ƙofar Nomau. Na farko ya zo da kwando. Na biyu ya zo da kwando biyu da ɗansa. Kafin wata ya ƙare jakai ne ke hawa gangaren, har daga ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba.

Nomau ya yi musu bayani, ba sau ɗaya ba. Ya ce ƙwarya ta isa, ya ce busasshiyar ƙasa da aka shanya a fako rana za ta kashe ta kafin ruwa, ya ce su fara da dagi da taki. Kowa ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne Baba, sannan ya ce amma dai a sam masa. Ba mugaye ba ne, ku gane. Mutane ne da suka binne 'ya'ya, tsoro bai bar su ba. Amma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don wasunsu jakanmu ma suka zo nema a kai musu. Na ce hannuna ba ya cikin wannan, na ɗaure jakan, na je na sami Nomau a gindin gawo yana kallon masu haƙa.

"Baba, hana su. Wagga gona ba ta da zurhi, kai ka gaya mini."

"Hankurau, wa ka taɓa jin an hana ma wuta?"

"Wuta in an ɗiba ba ta raguwa, Baba. Wagga raguwa takai."

Ya ce, "Na sani. Amma in na hana mutum guda, yak kwashe ɗiyanai yat tahi, mi za ni ce ma ubanai ran da munka gamu? Tun kakana ba a taɓa maida ƙwarya wohi daga gonag ga ba. Ba daga kaina za a hwara ba."

Na ce ƙwarya aka ce, ba a ce mangala ba. Ya ce al'ada ba ta faɗi girman ƙwarya ba. Tausayi ne ya sa shi, wannan gaskiya ne, amma ni a ganina akwai girman kai a ciki, irin na mutumin da bakinsa bai saba da cewa a'a ba. Na gaya masa haka a fuskarsa. Bai yi fushi ba, ya ce in je in ba jakai ruwa.

Abin da ya fi haƙar ma ɓarna shi ne hanya. Jaki mai kaya ba ya son tsallake dutse, don haka duk wanda ya zo sai ya janye 'yan duwatsu daga gandari ya buɗe wa jakinsa ƙofa. Na baya ya bi ta nan ya ƙara faɗaɗawa. Ina toshewa da yamma, da safe an buɗe wata. Aka share karan da ya rufe ƙasa don a kai ga baƙar, aka bar ramuka ko'ina, ga turba ta miƙe tun daga saman gonar har gindinta.

Ruwan farko na shekarar da la'asar ya zo, kuma da ƙarfi ya zo. Ina tsaye a zaure na ga ruwa yana saukowa daga tudu, ja, da ya ratsa gonar Nomau sai ya koma baƙi. Ya bi turbar jakan nan kamar don shi aka yi ta, ya bi ta kowace ƙofa, ya faɗa kwari ya wuce. Da aka ɗauke muka hau. Gawo yana tsaye da saiwoyinsa a waje, gandarin ya watse, inda ƙasa take sai tsakuwa da jan dutse yana ƙyalli. 'Yar baƙar da ta rage a bayan wasu duwatsu ba ta wuce shimfiɗar tabarma ba. Nomau ya zagaya ko'ina, sai ya sunkuya ya fara mayar da duwatsu layinsu. Ni kuwa na zauna na yi kuka, da gemuna da komai.

Waɗanda suka jibge mangala a kan fako ba taki ba rufi, ba su ga komai ba, kamar yadda ya faɗa musu. Sai da suka ga haka suka koma ga dagi, suna zuwa da kunya suna tambayarsa yadda ake yi, yana gaya musu. Fulani ma suka fara dawowa. Gonakin gari suka farfaɗo ɗaya bayan ɗaya, tasa kaɗai ta rage. Arzika ya cika mangala da ƙasar gonarsa ya hau gangaren da ita, Nomau ya tare shi ya ce ya mayar, kada a kashe biyu. Muka gyara gandarin, na kai taki iya ƙarfin jakaina. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mu mun dafa namu damina guda, ba mu ga romo ba. Waken ya fito siriri, saiwarsa sumul. Na ce mu ci gaba, yau da gobe za ta taru. Ya ce za ta taru, amma abin da kakanni suka tara ba tsoho ne zai ga ya dawo ba.

Da kakar shekarar aka yi ta kawo masa damma har rumbunsa ya cika. Ya karɓa, ya yi godiya, amma na ga yadda yake shigewa ɗaki in ya hango mai damma ya doso. Mutumin da aka saba zuwa ƙofarsa da ƙwarya wofi, yanzu da cikakkiya ake zuwa. Ɗansa namiji guda ne, Nasara sun ɗauke shi soja, ba labari. Sai 'yarsa Hajo da ke aure a Bangi. Kun san abin da ake nufi da tsoho ya koma zaman gidan suruki, ba sai na faɗa muku ba. Ya auna kunyar nan biyu, ya zaɓi wadda ba a gaban mutanen garinsu za a ji ta ba.

Da damina ta zagayo, lokacin ana cikin yaƙin Nasara, yadi ya yi wuya kowa riga ɗaya gare shi, gero ya fitar da kai ya fara nuna, sai ya kira ni.

"Ɗaura ma jaki akumari gobe da sahe. Bangi za ka kai ni."

"Baba, bari a yi girbi mana."

"Girbin nika gudu. In na tsaya, sai sun sake kawowa."

Kayansa ba su cika mangala ba: buzu, buta, bargo, da kalmensa. Na ɗora shi a kan babban jakin, na kama igiya. Hanyar ta bi ta gindin gonarsa, ban ga ya ɗaga kai ba. Amma da muka shiga gonakin mutane sai ya ce in rage sauri. Gero ya rufe mu hagu da dama, wake ya shimfiɗa a ƙasa. Ya riƙa tsayar da ni yana leƙawa. Nan ya ce in gaya wa wane ya tuge ƙudujin can kafin ya zubar da iri. Can ya ce wance ta cika toka a gefe ɗaya, in an jima in gyara mata. Ya san kowace gona, ya san wadda ta sami ƙwarya da wadda ta sami mangala, kuma ban ji ya zagi kowa ba. Faɗa kawai yake yi irin na uba.

A bakin hanyar Madawa muka iske Arzika yana korar tsuntsaye. Da ya ga buzu da buta a kan jaki ya gane. Ya zo ya durƙusa ya kama ƙafar Nomau.

"Baba, ina za ka? Rumbuna naka na. Wallahi duk abin da ke cikin gonag ga naka na."

"Na sani, Arzika. Tashi, ɗiyanka na kallo. In ka yi girbi ka bar mata karanta. In wani yaz zo da ƙwarya, ka ba shi. In yaz zo da jaki, ka ce Nomau ya hana."

Wannan ita ce a'a ta farko da na ji daga bakinsa a kan ɗibar ƙasa, kuma a gonar wani ya faɗe ta.

Bangi ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Da muka isa, surukin ya fito ya tarbe shi da mutunci, ya ba shi ɗaki a zaure, Hajo tana kuka tana shimfiɗa tabarma. Na ga Nomau ya cire takalmi a ƙofar gidan da ba nasa ba, ya sunkuyar da kai ya shiga. Da zan juyo ya ce jakan duka nawa ne, in riƙa duba bayansu kada akumari ya ji musu, kuma in rage faɗa da masu gona. Na ce zan dawo bayan girbi. Bayan girbi aiki ya yi yawa, don gari ya sake samun taki, sai na ce da rani. Kafin rani ya ƙare wasu fatake suka kawo labarin rasuwarsa a kasuwar Karofane.

Na yi shekaru da yawa bayan nan ina bin jakai. Na ɗora musu taki, na ɗora toka, na ɗora duwatsun gandari har bayansu ya lanƙwashe. Ban taɓa ɗora wa jaki kaya marar nauyi kamar tsohon nan ba, kuma shi kaɗai ne kayan da na kai inda aka ce in kai, na juyo ina so in koma in ɗauko.